Sikeli ya ce nauyina daidai ne, likita ya ce in rage: tambayoyi da amsoshi

A asibitin da nake aiki a nan Maradi, wurin zamana teburin bakin ƙofa ne, inda ake hawa sikeli kuma a ɗaura wa mutum abin awon tansiyo, wato hawan jini, kafin ya shiga ganin likita. Saboda haka duk wanda ya fito da magana a bakinsa, ni yake fara sauke wa. A ƴan shekarun nan ƙorafi ɗaya ya fi yawan dawowa, daga maza da mata masu shekara 40 zuwa 60: "Majo, kai da bakinka ka ce nauyina daidai ne, ga shi na shiga lokotoro ya ce in rage." Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, kusan yadda ake yi mini su.

Idan nauyina ya dace da tsawona, to me zan rage?

Galibi tumbi likita yake nufi, ko da bakinsa ya ce nauyi. Wani ɗan kasuwa ya zo mana da ciwon kai da yawan fitsarin dare. Tsawonsa mita 1.72, nauyinsa kilo 70, lissafin nauyi da tsawo ya ba da 23.7, wato cikin sahun masu lafiya. Da babbar riga a jikinsa ba za ka ce komai ba. Da ya tuɓe ta ya rage daga shi sai ƴar ciki, sai ga damatsa sirara, ƙafafu kamar na saurayi, ciki kuwa ya turo gaba kamar an kifa ƙwarya. Na zagaya shi da tef, santimita 96. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ai tun da na buɗe shago na biyu yake nan." Sukarin jininsa na safe, kafin ya ci komai, ya fito giram 1.18 a lita. Bai kai ciwon sukari ba, wanda ake ƙirgawa daga 1.26, amma ya bar layin masu lafiya. Sikeli bai yi masa ƙarya ba. Abin da sikeli ya sani jimla ce kawai, ba ya rarrabe ƙashi da tsoka da kitse da ruwa, balle ya faɗi inda kitsen ya taru.

Wane lissafi ne wannan da ake rubutawa a karnen asibiti?

A nan IMC ake rubutawa, wanda ya je asibiti a Katsina ko Kano zai ga BMI, abu ɗaya ne. Ana ninka tsawon mutum a mita da kansa, sai a raba nauyinsa a kilo da abin da aka samu. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, daga 30 zuwa sama ƙiba.

Wanda ya fara wannan lissafi wani masanin ƙididdiga ne ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, a shekarun 1830, kuma jikin Turawa ya auna, don ya san matsakaicin mutum a cikin al'umma. Ba likita ba ne, bai kuma yi shi don duba mara lafiya ba. Sai a 1972 Ancel Keys na Amurka ya raɗa masa sunan da ake amfani da shi yanzu. Lissafin ya yaɗu ne saboda arha, sikeli da bango sun isa. A 2022 hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki ta sauko da layin ga baƙar fata ƴan asalin Afirka da ƴan Asiya da Larabawa: daga 23 nauyi ya fara yawa, daga 27.5 ƙiba, saboda ciwon sukari yana kama su a nauyin da bai kai na Turawa ba. Da wannan ma'aunin, ɗan kasuwar nan mai 23.7 ya riga ya tsallake layi. A farkon 2025 kuma wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya ce kada a yanke wa mutum hukuncin ƙiba da wannan lissafi shi kaɗai, a haɗa da awon ƙugu.

Kitse ai kitse ne. Me ya sa na ciki ya fi na cinya laifi?

Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya ga bambancin. Akwai kitsen da ke kwance ƙarƙashin fata, akwai kuma wannan farin mayafi da ya lulluɓe hanji da tumbi da ƙoda. Haka yake a jikin mutum. Na cinya da ɗuwawu ajiya ne, yana zaune shiru sai an buƙace shi. Na cikin ciki ba ya zama. Jinin da ya ratsa shi kai tsaye yake zuba cikin hanta, ɗauke da maiƙo. Hantar da maiƙo ya yi wa yawa ba ta sauraron insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, yadda ya kamata, sai ta dinga sakin sukari cikin jini ko da ba a buƙata. Gaɓar da ke yin insulin ɗin, wadda likitoci ke kira pancreas, ta ƙara himma, shekara da shekaru, har ta gaji. Tare da haka tansiyo kan hau, maiƙon jini ya lalace. Duk wannan yana iya gudana shekara biyar ko goma mutum yana zuwa kasuwa yana dawowa, ba ya jin komai.

Shi ya sa za ka ga mace mai ƙugu da cinya, kilo 80, jininta tas, ga maƙwabciyarta mai kilo 58 da ɗan tumbi tana kan maganin sukari.

Yaya zan auna a gida?

Ari tef ɗin tela. Tsaya tsaye, ɗaga riga, nemi tsakiya tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, yawanci ɗan sama da cibiya kaɗan. Saki numfashi, kada ka shanye ciki (kowa yana yi, ina gani), sannan ka auna. Ga namiji, daga santimita 94 a fara lura, daga 102 haɗarin ya yi yawa. Ga mace 80 da 88.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi kuma ta fi adalci ga dogo da gajere: ƙugunka kada ya kai rabin tsawonka. Ɗauko igiya, taka bakinta da diddige, ja ta zuwa tsakar kai, yanke. Ninka ta biyu ka zagaya ciki. Idan bakunan sun haɗu, madalla. Idan sun ƙi, abin da ya rage tsakaninsu shi ne aikin da ke gabanka. Mai tsawon mita 1.72 igiyarsa ninke santimita 86 ce, mai 1.60 kuwa 80. Ana cewa ido ba mudu ba ya san kima, amma a ƙarƙashin babbar riga da hijabi ido ba ya ganin komai, gara igiyar.

Tun ina saurayi kilona bai canza ba. Me ya sa sai yanzu?

Kilon ne bai canza ba, kayan da ke cikin buhun sun canza. Daga shekara 30 tsoka tana fara raguwa, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, musamman ga wanda ba ya aikin ƙarfi. Kitse ya maye gurbinta, sikeli ya tsaya cak. Tsoka kuwa ita ce babbar mai cinye sukarin jini bayan an ci abinci, idan ta ragu sukarin ya rasa masauki.

Mu dubi rayuwarmu. Wanda yanzu yake da shekara 50, da yawansu sun tashi suna bin iyaye gona da hauya, suna jan ruwa a rijiya, mata suna daka hatsi safe da yamma. Yau inji ke niƙa, famfo na tsakar gida, daga unguwar Zariya zuwa babbar kasuwa kabu-kabu ne, kai har masallacin unguwa wani sai ya tada moto. Kwanon tuwon bai ragu ba, ya ma ƙaru da shinkafa da taliya da burodi.

Ga mata akwai ƙarin dalili. Lokacin ɗaukewar al'ada, yawanci tsakanin shekara 45 da 55, jiki yana sauya wurin ajiya, kitsen da a da yake zuwa cinya sai ya koma ciki. Hajiyoyi da yawa suna ce mini zanen da suke ɗaurawa ne ya fara gaya musu.

Akwai shaidar cewa ragewar tana amfanar wanda ba shi da ƙiba?

Akwai, amma ga wanda jininsa ya fara nuna alama. Wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2002 ya bi mutane sama da 3,000 da sukarinsu ya fara hawa. Waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, kamuwa da ciwon sukari ya ragu musu da kashi 58 cikin ɗari, ya fi na masu shan maganin sukari na metformin da ya tsaya a 31. Sai dai yawancin waɗannan masu jiki ne.

Wanda ya fi kusa da tambayar nan shi ne na Farfesa Roy Taylor a Newcastle ta Ingila. Ya ɗauki mutum 20 masu ciwon sukari waɗanda lissafinsu bai kai 27 ba, aka rage musu nauyi kaɗan kaɗan ƙarƙashin kulawar likita, 14 daga cikinsu sukarinsu ya koma daidai ba tare da magani ba. Fahimtarsa ita ce kowa da iyakar kitsen da jikinsa zai iya ɗauka, wani randa ne wani tulu, kuma wanda tulunsa ya cika ya fara zuba cikin hanta yana iya kasancewa siriri a ido. Mutum 20 ba su da yawa, kuma ba mutanenmu ba ne, don haka ban ɗauke shi hujjar yanke wa kowa abinci ba. Amma ya isa ya nuna maganar likitan ba shaci-faɗi ba ce.

To kowane likita da ya ce a rage yana da gaskiya ke nan?

A'a. Na sha ganin inda "ka rage jiki, ka rage gishiri" ta zama kamar sallama, a faɗa wa kowa da ya haura 45 ba tare da an taɓa shi da tef ba. Layi ya yi tsawo, likita ya gaji, na sani, amma wannan ba uzuri ba ne. Idan nauyinka daidai ne, ƙugunka bai kai rabin tsawonka ba, tansiyonka yana ƙasa da 14/9 (wato 140/90), sukarinka lafiya, to babu abin da za ka samu daga ramewa sai asarar tsoka.

Tambayi likita cikin ladabi: "Likita, wanne awo ne ya nuna haka? Kilo nawa, cikin wata nawa? Yaushe zan dawo a sake aunawa?" Likitan kirki ba ya jin haushin wannan. Mutanenmu suna da kunyar tambaya a gaban farar riga, su fito su zo su tambayi na bakin ƙofa.

Akwai kuma waɗanda maganar ragewa ba tasu ba ce sam: mai ciki da mai shayarwa, wanda lissafinsa ke kusa da 18.5, wanda ya tashi daga doguwar jinya, da tsofaffi masu rauni waɗanda faɗuwa da karayar ƙashi suka fi zame musu haɗari. Haka siririn da ya taso cikin ƙarancin abinci ya kamu da sukari. Garin da ya ga yunwar 2005 ya san irin yaran da nake nufi, yanzu sun zama manya. A 2025 Ƙungiyar Masu Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da nau'in ciwon da ke da alaƙa da tamowa a matsayin nau'i na 5, inda matsalar ƙarancin insulin ce tun asali. Irin wannan a ce masa ya rage abinci zalunci ne.

Kuma ba kowane babban ciki ne kitse ba. Ciwon hanta yana tara ruwa a ciki, ƙari a mahaifa yana kumbura mara. Cikin da ya tashi cikin ƴan makonni, ko ya yi tauri, ko ya zo da kumburin ƙafa ko ido rawaya, hoto da awon jini yake buƙata.

Kilo nawa ake magana?

Kaɗan. Kashi 5 cikin ɗari, wato kilo 3 da rabi ga mai kilo 70, cikin wata uku zuwa shida. Wani ma kilon ba zai motsa ba, igiyar ce za ta haɗu, kuma wannan ya fi.

Me zan bari a abinci? Kada dai ka ce hura.

Ba zan ce ba. Hatsi da dawa da wake da zogale ba su ne suka kawo mu nan ba, kakanninmu a kansu suka rayu. Abin da ake zubawa cikin hurar shi ne magana. Na taɓa tsayawa ina kallon wani dattijo yana dama tasa da rana, ludayi biyu na sukari ya zuba, ya ɗanɗana, ya ƙara rabi.

Fara da abin sha, a nan aka fi samun riba da sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, in ya tsaya a 25 ya fi. Gwangwanin lemo ɗaya yana da kusan giram 35. Shayin majalisa kuwa, na fari da na biyu da na uku, safe da la'asar da bayan isha'i, kowane zagaye da nasa sukarin, ba wanda yake ƙirgawa saboda kofin ƙarami ne. Ga shayi da madara mai zaƙi a teburin mai shayi da rabin burodi, ga zoɓo da lemun tsamiya na ƙulli. Wanda ya rage waɗannan da rabi ya yi rabin aikin bai taɓa tuwonsa ba.

Sai malmala. Mai cin uku ya koma biyu, ya ƙara miya da ganye. Kopto, dambun zogale, wake, awara, ƙwai, kifi, nono mara sukari, ƙuli-ƙuli, duk suna riƙe ciki kuma suna ciyar da tsoka, wadda ita muke gudun rasawa. Abin da nake hanawa da ƙarfi shi ne a bar nama da wake da ƙwai a koma kunu zalla da sunan rage jiki. Haka tsoka ke tafiya tumbi ya zauna. Soye-soye, fanke da ƙosai da dankali, a mai da su na wani lokaci. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, ƙaramin cokalin shayi ke nan, kuma dunƙulen da ake jefawa a miya uku uku yawancinsa gishiri ne.

Wannan magana da uwargida za a yi ta, don ita ke riƙe da tukunya. Maigidan da ya zo asibiti shi kaɗai ya koma bai gaya wa kowa ba, ba abin da zai canza a kwanonsa.

Ni kuma idan na rame, me mutane za su ce?

Wannan ita ce tambayar gaskiya, sauran duk share fage ne. A garinmu tumbi shaidar cewa kasuwa tana ci ne. Alhajin da ya faɗa, kafin mako ya zagayo an ce ko kaya sun maƙale a iyaka, ko bashi, ko wani ciwon da ba a faɗa. Matar da ta rame kuwa mijinta ake zargi. Wata baiwar Allah mai shekara 47 ta ce mini, "Ɗana, in na koma gidanmu a rame, innata kuka za ta yi, ta ce ba a ba ni abinci." Ban yi mata dariya ba, don na san innar za ta yi kukan.

Abin da na ce mata: kilo uku ba a ganinsu a fuska, a maɗaurin zane ake jinsu. Kuma na roƙe ta ta zo da maigidan ranar da za a sake awo, ya ji daga bakin likita. Ya zo. Muka ɗaura masa abin tansiyo shi ma tunda ya zauna, ya fito 16/10.

Ina shan maganin ƙara jiki. Yana da alaƙa da wannan?

Ƙwarai. Ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, na tebur da na masu yawo da magani a faranti, sau da yawa dexamethasone ne, wani lokaci haɗe da maganin buɗe ciki. Dexamethasone yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki da doron wuya, ya sirantar da hannu da ƙafa, ya hau da sukari da tansiyo, ya raunana ƙashi. Wato ainihin jikin da muke gudu, da kuɗinki kika saya. Idan kin daɗe kina sha kada ki yanke rana ɗaya, hakan na da haɗari. Kawo kwalin asibiti a nuna miki yadda za ki sauka a hankali.

Shayin rage tumbi da allurar da ake tallatawa a Facebook fa?

Yawancin shayin nan filasko ne ko danginsa. Gudawa za ka yi, ruwa ya fita, sikeli ya sauka kwana biyu, kitsen yana nan inda yake. Allurai irin su Ozempic magani ne na gaske, amma an yi su don masu ciwon sukari da masu ƙiba sosai, da takardar likita. Mai nauyi daidai ba shi da hurumi a ciki, balle wanda aka aiko a mota ba a san a wane zafi ya kwana ba.

Azumi ba ya wadatarwa?

Yana iya taimakawa, in buɗa-baki bai rama abin da yini ya hana ba. Mai shan maganin sukari ya ga likita kafin watan ya kama.

Ba ni da lokacin motsa jiki, ga zafi.

Minti 150 a mako ake nema, wato minti 30 sau biyar, tafiya mai ɗan sauri wadda za ka iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Bayan asuba gari da sanyi ko a watan Afrilu. Wanda ba zai iya ba ya sauka daga kabu-kabu kafin a kai shago, ya taka sauran. Tafiyar minti goma bayan tuwon dare tana rage hawan sukarin da ke biyo bayan ci. A ƙara da aikin ƙarfi sau biyu a mako: tashi da zama daga kujera sau goma sha biyar ba tare da dafa hannu ba, ɗaga jarkar ruwa, ko komawa gona da damina a riƙe hauya da kai maimakon tsayawa a inuwa ana nuna wa ƴan ƙwadago. Matan da fita ke musu wuya, zagayen tsakar gida da shara da daka duk ana ƙirga su.

Ni ban yi niyyar ragewa ba, amma ina ta ramewa. In yi murna?

Kada ka yi, Baba. Wanda ya zubar da kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa cikin wata shida zuwa shekara ba tare da ya canza ci ko aiki ba, bincike yake buƙata. Ciwon sukari da ya yi nisa yana ramar da mutum, tare da ƙishirwa da yawan fitsari. Haka tarin fuka, musamman in akwai tari fiye da mako biyu da gumin dare, haka ƙanjamau, ciwon maƙoƙo mai sa bugun zuciya, da ciwon daji. Zo da safe ba ka ci komai ba, don a ɗauki jinin sukari a ranar, kuma ka taho da tsohon karnenka, a nan za mu ga kilon da aka rubuta maka bara.